Filin Tambayoyin Masu Mota: Bututun Iska Mai Sanyi, Ƙarfi Yake Ƙarawa Ko Ƙara?

Wasiƙun wannan mako daga Makka, Jidda, Riyad da Madina sun taru a kan abu guda, wato filtar nan mai siffar mazurari da bututunta mai ƙyalli da ake sa wa mota a madadin akwatin filtar kamfani. Mun miƙa su ga makanikan inji da masu gyaran wutar mota da ke amsa wannan fili.

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da Camry mai silinda huɗu, ina jigila tsakanin Makka da Jidda. A sana'iyya, unguwar masu gyaran mota, wani mai warsha, wato gareji, ya ce in cire akwatin filtar kamfani in sa wannan bututu, wai motar za ta ƙara ƙarfin doki goma sha biyar, ta kuma rage shan mai. Kuɗin ya kusa riyal dubu. Gaskiya ne?
Direba daga Shari Mansur, Makka

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam direba. Bar akwatinka a inda yake. Akwai ƙamshin gaskiya a maganar mai warshar, shi ya sa take shiga kunne, amma gaskiyar ba ta kai inda ya kai ta ba.

Injin fetur iska yake sha fiye da mai. Kilo ɗaya na fetur yana buƙatar kilo 14.7 na iska kafin ya ƙone sarai, wato lita ɗaya ta mai tana tafiya da iska kusan lita dubu tara zuwa dubu goma. Iska mai sanyi ta fi mai zafi nauyi, don haka silinda takan ɗauki da yawa a shaƙa ɗaya, ƙwaƙwalwar mota, wato kwamfutar da ke sarrafa inji, ta ƙara mai daidai gwargwado, fistin ya samu bugu mai ƙarfi. Ma'aunin da masu sana'a ke riƙewa shi ne, duk digiri 5 zuwa 6 da aka rage a zafin iskar da ke shiga, ƙarfin inji yana ƙaruwa da kusan kashi 1 cikin 100. Zuwa nan babu gardama.

Yanzu buɗe bonet ɗin Camry ɗinka ka bi bututun da ido. Daga bakin totur za ka ga tiyo baƙi ya tafi zuwa akwatin filta, daga ƙasan akwatin kuma wani baki ya miƙe gaba, ya leƙa ta wajen hancin mota, gaban lagireto. Wannan bakin iskar waje yake shaƙa. Ma'ana kamfani ya riga ya ba ka bututun iska mai sanyi tun ranar da motar ta fito, kuma ya yi shi da roba da gangan, domin roba ba ta ɗaukar zafin inji da sauri kamar ƙarfe.

Filtar mazurarin da aka nuna maka galibi a cikin ɗakin inji take zama, a buɗe, bayan lagireto. Ruwan lagireto yana aiki a wajen digiri 90, a gabansa kuma ga kwandensar iyakwandishan tana zubar da nata zafin, fanka na turo duka biyun baya. A cunkoson Makka cikin Yuli, lokacin da waje yake digiri 45, iskar ƙarƙashin bonet takan haura 60 har zuwa 70. Ita filtar za ta shaƙa. Bambancin digiri 20 kuwa asarar ƙarfi ce ta kashi 3 zuwa 4, kafin ma a zo kan ƙwaƙwalwar mota: idan ta ga iskar ta yi zafi sosai takan jinkirta wutar fulogi don kada inji ya yi ƙwanƙwasa, ƙarfi ya sake raguwa. In kana son ka gani da kanka, ka nemi wanda ya sa irin wannan, ka kai bayan hannunka kusa da bututun ƙarfen bayan tafiyar rabin sa'a. Ba za ka iya barin hannun a kai ba.

Akwai nau'i mai kyau, wanda yake da rufaffen akwati yana ɗebo iska daga waje. Shi kam yana iya ƙara wani abu, amma a injin da ba shi da tabo (turbo, fankar da ke cusa wa inji ƙarin iska) ƙarin doki kaɗan ne, kashi ɗaya zuwa uku, kuma a can ƙololuwa yake fitowa, idan an danne totur har ƙasa allurar juyin inji ta haura 5,000. Kai da ke kan titin Makka zuwa Jidda da fasinja, allurarka tana zaune tsakanin 2,000 da 2,500. A nan akwatin kamfani bai tare wa injin komai ba.

To me ya sa waɗanda suka sa suke rantsuwa motar ta ƙara gudu? Ƙara ce. A jikin tiyon kamfani akwai wani ɗan akwati rufaffe da mutane ke ɗauka ba shi da aiki. Shi ke haɗiye gurnanin iska, yana kuma daidaita bugunta. Da an cire shi injin ya fara ruri, kunne ya gaya wa ƙafa an samu ƙarfi. A wasu motocin ma cire shi yana rage jan da injin ke yi a ƙananan juyi, inda direban haya ya fi buƙatarsa.

Maganar shan mai ita ce ta fi nisa da gaskiya. A tuƙin yau da kullum, abin da ke tare iska shi ne faifan totur da kai kanka kake riƙe da shi a ɗan buɗe da ƙafarka. Idan filta ta saki iska da yawa, sai ka ɗan sassauta ƙafa don ka tsaya a kan gudun 100, iskar da ke shiga silinda ta koma yadda take, man ma haka. Ƙwaƙwalwar mota tana auna iskar, tana kuma duba hayaƙi ta sensar oksijin, ba ta barin lissafin 14.7 ya kauce. A shekarar 2009 cibiyar bincike ta Oak Ridge a Amurka ta gwada motoci da filta toshasshiya. A motocin injekta na zamani shan mai bai canja wani abin kirki ba, saurin tashi ne ya ragu. A tsohuwar mota mai kafireta ne toshewar ta ƙara shan mai. Daga zamanin kafireta wannan magana ta samo asali, ake ta maimaita ta har yau.

Yi lissafin da kuɗinka. A ce kana shan lita 200 a wata, a farashin riyal 2.18 da aka tsayar wa fetur 91 a Yulin 2021, wato riyal 436. Ko da a ce bututun ya rage kashi ɗaya cikin ɗari, abin da ya dawo maka bai kai riyal biyar a wata ba. Kafin riyal dubunka ya dawo sai ka shekara goma sha tara. Daidaita iskar taya da safe kafin ta ɗauki zafi, da rage gudu daga 130 zuwa 110, sun fi haka tasiri nesa ba kusa ba.

Tambaya: Ni ban cire akwati ba. Filtar takarda kawai nake son canjawa da ta auduga mai mai, wadda ake wankewa a mayar. Ai ta fi araha a tsawon lokaci?
Mai Elantra daga Riyad

Amsa: Ɗan'uwa, a ƙasar da ba ta da ƙura za mu ce ka gwada. A Riyad ba ma ba da wannan shawara. Irin wannan filta galibi ta hanyar ƙofofi masu faɗi take sakin iska da yawa, ƙofar da iska ta bi cikin sauƙi kuwa ƙura ma tana bi. Ƙurar nan yashi ce da aka niƙe, ta fi ƙarfen silinda tauri. Idan ta shiga sai ta haɗu da baƙin mai ta zama kamar sanfefa tsakanin ringi da jikin silinda. Ba a jin ta yau, ba a jin ta gobe. Bayan shekara biyu ko uku ne injin zai fara shan baƙin mai, salansa ta fara shuɗin hayaƙi.

Kada lambobin jikin kwali su ruɗe ka. A ce wata filta tana kama kashi 99.5, wata tana kama 98. Kamar kusa suke, amma abin dubawa shi ne wanda ya wuce: ta farko ta bar giram 5 a kowane kilo na ƙura, ta biyu ta bar giram 20. Ninki huɗu ke nan. Motar da ke shan lita 200 a wata tana shaƙar iska kusan lita miliyan biyu, kuma ka san irin iskar da ake shaƙa ranar da guguwar yashi ta rufe gari. Ma'aunin gwajin filta da duniya ta sani shi ne ISO 5011. Idan mai sayarwa ba zai iya nuna maka sakamakon filtarsa a kansa ba, da baki kawai yake sayar maka.

Ita filtar auduga man da ke jikinta ne ke kama ƙura, kuma zafin ƙasar nan yana busar da shi. In ya bushe ta zama rariya, in ya yi yawa ya bi iska ya manne a sensar da ke auna iska. Wanda ya riga ya saya, ga yadda ake kula da ita: a fesa sabulunta, a bar shi minti goma, a ɗauraye da ruwan famfo mara ƙarfi daga gefen da ke da tsabta zuwa gefen datti. A bar ta ta bushe da kanta a inuwa. Ban da fetur, ban da iskar kwamfuresa. Sai a bi kan kowane ninki da layin mai siriri, a jira minti ashirin ya bazu, a cike inda ya rage fari kawai.

Akwai kuma wata ɗabi'a ta wuraren banshar, wato shagunan gyaran taya da canjin baƙin mai, da ke damun mu ko a filtar takarda. Ana canja baƙin mai sai yaron shago ya zare filta, ya manna mata bakin tiyon kwamfuresa, ƙura ta tashi, ya mayar. Iskar da ke da ƙarfin cika taya tana yaga zaren takardar a inda ido ba ya gani. Idan littafin motarka ya yarda a hura, daga ciki zuwa waje ake yi, da iska mara ƙarfi, daga ɗan nesa. In ba haka ba, a canja ta. Ka ɗaga ta a gaban fitila, duk inda haske ya ɓullo kamar tsinken allura ta gama aiki. Duba robar gefenta ma, ka tabbata murfin akwatin ya zauna, kowane kilif ya kama. Kilif ɗaya da ya karye ya isa ya bar ƙura ta zagaye filtar gaba ɗaya.

Tambaya: Na riga na sa bututun. Bayan kwana huɗu fitilar inji ta kama, motar tana rawa a tsaye, wani lokaci ta mutu a danja. Kwamfuta ta nuna P0171. Me ya lalace?
Ɗalibi daga Madina

Amsa: Wataƙila babu abin da ya lalace tukuna, ƙanena. Lambar P0171 tana nufin iska ta fi mai yawa, ƙwaƙwalwar mota ta ƙara mai har ta kai iyakarta. A injin silinda shida ko takwas takan zo da 'yar'uwarta P0174. Ka bi su a jere, daga mai sauƙi.

Fara da ɗigon iska. Duk iskar da ta shiga bayan sensar iska ba a ƙidaya ta ba. Taɓa kowane kilif na mahaɗin roba, ka ja bututun ka ga ko yana motsi. Akwai ƙaramin tiyo da ke fitowa daga murfin kan inji yana shiga bututun kamfani. Masu sauri sukan bar shi a rataye ko su cusa shi a ramin da bai yi masa daidai ba. Ta nan iska ke shiga ba lissafi, da ƙurarta.

Sai sensar kanta. A cikinta akwai waya siririya kamar gashi da ake zafafawa da lantarki, iskar da ke wucewa tana sanyaya ta, daga nan ake sanin yawan iskar. Idan man filta ya rufe wayar, ƙura ta manne, sai ta riƙa ƙidaya ƙasa da abin da ya wuce. Kashe mota, zare soket, kwance sukurori biyun, fesa mata maganin wanke sensar iska na musamman daga nesa, ka bar ta ta bushe sarai kafin ka mayar. Kada ka taɓa wayar da komai, kada ka yi amfani da maganin wanke kafireta. Duba kibiyar da ke jikinta, wajen inji take kallo.

Idan waɗannan biyu lafiya suke, to faɗin bututun ne, kuma wannan ba ya wankuwa. An tsara lissafin sensar ne a kan faɗin gidanta na asali. Idan na kamfani milimita 70 ne aka sa na 76, fili ya ƙaru da kusan kashi 18, iska ta rage gudu a kan wayar, sensar ta ce iska kaɗan ce alhali da yawa ce. Gwiwar bututu da ta matso kusa da sensar ma tana hargitsa iskar ta ruɗa karatun. Maganinsa a mayar da akwatin asali. Bayan an goge lambar, a ce wa mai kwamfuta ya nuna maka adadin gyaran mai na dogon zango da ƙwaƙwalwar ke yi. Tsakanin ƙarin kashi 5 da ragin kashi 5 lafiya ne. Idan ƙarin ya zauna sama da kashi 10, matsalar tana nan. Kada ka daɗe kana tuƙi a haka, ƙarancin mai yana ƙara zafin ƙonewa, a zafin Madina kuwa babu rarar da za a yi wasa da ita.

Tambaya: Ɗana ya sa dogon bututu wanda filtarsa take ƙasa bayan bamba. Ya ce wannan ne na gaskiya domin iskar waje yake sha. Ni dai hankalina bai kwanta ba saboda ruwan Jidda.
Uwa daga Kandara, Jidda

Amsa: Hajiya, hankalinki ya gano daidai. Gaskiya ne wannan nau'in ya fi samun iska mai sanyi, amma ya saukar da hancin injin zuwa kusa da ƙasa. Mutanen Jidda ba su manta ambaliyar Nuwamban 2009 ba, da ta Janairun 2011, da ruwan Nuwamban 2022. Ba sai an kai haka ba ma, ruwan da ke taruwa a ƙarƙashin gada ya isa, musamman idan babbar mota ta wuce ta turo igiyarsa. Iska tana matsuwa, ruwa ba ya matsuwa. Filin da ke saman fistin idan ya hau ƙarshe bai kai ƙaramin kofin shayi ba. Ruwa ya cika shi, fistin ya taho da ƙarfi ya rasa wurin zuwa, sandarsa ta lanƙwashe ko ta fasa jikin inji.

Ki ce masa ya mayar da na kamfani kafin lokacin ruwa. Idan kuma ta taɓa mutuwa a cikin ruwa, kada ya sake murɗa makulli ko sau ɗaya, wannan murɗawar ce ke kashe injina da yawa. A jawo motar zuwa warsha, a buɗe filta a duba jiƙa, a cire fulogi duka, a juya injin ruwan ya fita ta ramukansu, a canja baƙin mai da filtarsa.

Tambaya: Motata tana yin sanyi a hawan Hada idan za ni Ɗa'if. Bututun zai taimaka?
Mai Accent daga Rusaifa

Amsa: Ba zai taimaka ba, Malam. Makka tana ƙasa da mita 300 daga teku, Ɗa'if ta haura 1,800. Injin da ba shi da tabo yana rasa kusan kashi 3 na ƙarfinsa a kowace mita 300, wato kusan kashi 15 a wannan hawa, saboda iskar sama ba ta da nauyi. Babu filtar da ke mayar da wannan. Sauko da giya da wuri, ka sa ido a kan allurar zafi.

Tambaya: Hilux ɗina na dizal ne mai tabo, ina kai kaya gonaki da wuraren masu raƙuma a hanyar da ba kwalta. Bututun da ke hawa gefen gilashi fa?
Alhaji daga bayan garin Madina

Amsa: Alhaji, wannan kam yana da amfani a irin aikinka, sai dai ba don ƙarin doki ba. Amfaninsa shi ne ya ɗauke bakin shaƙa daga kusa da taya, inda ƙura ta fi kauri, ya kai shi saman rufi. Idan ka samu kan da ke juya iska yana watsar da yashi mai nauyi kafin ya kai ga filta, filtarka za ta fi daɗewa. Mai buɗaɗɗen baki kuma a juya shi baya idan kana bin wata mota cikin ƙura. Sharaɗin shi ne a bar akwatin kamfani da filtar takarda, a toshe kowane mahaɗi da kyau.

A injin tabo sanyin da ya fi muhimmanci yana bayan tabon. Tabo yana matsa iska har ta haura digiri 100, sai ta bi ta lagireton iska ta huce kafin ta shiga inji. Idan laka, ciyawa da ƙwari sun toshe haƙoransa, ka rasa fiye da duk abin da wata filta za ta ba ka. Wanke shi da ruwa mara ƙarfi, ka duba tiyoyinsa, inda ka ga jiƙar mai da baƙin datti a bakin kilif nan iska ke tsiyaya. Filta mai sakin ƙura kuwa ta fi yi wa tabo illa, domin fankarsa tana juyi fiye da sau dubu ɗari a minti, yashi yana cinye bakin fukafukanta.

Kafin a huda fenda ka tambayi murur, wato 'yan sandan hanya, domin doka ta hana yin ƙari ko canji a jikin mota ba tare da bin ƙa'ida ba. Idan motar tana da garanti, ka sani wakilin kamfani yana iya ƙin gyara duk lalacewar da ya danganta da kayan da aka sa daga waje.

Tambaya: Abokina ya ce tasa ta ƙara ƙarfi, ni na ce ba ta ƙara ba. Yaya za mu raba gardama ba tare da na'urar warsha mai tsada ba?
Mai karatu daga Hindawiyya

Amsa: Ku sayi ƙaramar na'urar karanta ƙwaƙwalwar mota da ake sokawa a ƙarƙashin sitiyari, tana haɗuwa da waya. Ku buɗe ma'aunin zafin iskar da ke shiga inji, ku rubuta shi bayan tsayuwar minti goma da iyakwandishan a kunne, sannan a kan gudun 100, ku kwatanta da zafin waje. Ku yi haka da bututun, ku sake yi da akwatin kamfani a lokaci iri ɗaya na rana. Don ƙarfi, wanda ke kujerar gefe ya riƙe agogo, a auna daƙiƙun tashi daga 60 zuwa 100 a giya ɗaya, a titi mara cunkoso, sau uku zuwa sau uku dawowa saboda iska da gangare. Don mai, a cika tanki a famfo ɗaya har ya tsaya da kansa, a raba kilomita da lita, tanki uku da wannan, uku da wancan. Tanki ɗaya ba ya nuna komai, cunkoson rana guda ya isa ya rikita lissafin.

Gwajin ƙarshe shi ya fi sauƙi. Bayan kilomita dubu biyu ko uku, ku kwance bututun ta bayan filta, ku naɗa farin tishu a yatsa ku shafa cikinsa. Idan ya fito fari, filtar tana aikinta. Idan ya fito da ja-jan gari mai ƙaiƙayi tsakanin yatsu, wannan garin yana shiga silinda, a mayar da akwatin kamfani da sabuwar filtar takarda a ranar, a kuma canja baƙin mai.